Ƙorafin Mai Tantance Roba kan Tankar da Aka Dawo da Ita

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Ma'aikata,
Kamfanin Narka Tsohuwar Roba.

Daga:
Mai tantance roba, Rumfa ta Biyu.

Litinin, 17 ga Maris, 2025

Game da: Dakatar da ni daga aiki tun 3 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da abin da ke tafe.

1. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina raba robar da za a narka ta zama mai da wadda ba za a narka ba. Leda da jarka su shiga tukunya, robar bututu a ware ta, domin tana zuba sinadarin kulorin a cikin man, masana'antar sinadarai da ke saye kuwa ba ta karɓar irinsa. Da kwamin ruwa muke aikin: abin da ya taso namu ne, abin da ya nutse a ajiye gefe. Ba wani ilimi ba ne, shi ya sa na iya.

2. Ranar 3 ga Fabrairu, Manajan Aiki ya sa aka zubar da ruwan kwamin, wai yana ɓata lokaci. Ya ce tunda abokan aiki na kira na Malam Hanci, in riƙa ƙona gefen roba ina shinshinawa kamar da. Na shaida masa hancin ya riga ni yin ritaya. Shekara uku ke nan ba na jin wari ko ƙamshi. Hayaƙin rumfar ya cinye shi. A gida ma ni ake tura wa kwashe shara. Manaja ya yi dariya, ya ce na cika barkwanci.

3. Na bi umarni. Mako uku ina ƙona roba, ina kai ta hanci, ina gyaɗa kai.

4. Ranar 26 ga Fabrairu aka dawo da tanka guda cike da mai, kulorin ya yi yawa. Takardar dakatarwa ta ce “sakacin mai tantancewa”. Ba ta ambaci kwami ba. Na karanta ta sau biyu a bakin ƙofa, ban ji komai ba, na ninke ta na sa a aljihu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a duba kwamin, yana nan a bushe bayan rumfa, an fara ajiye tsintsiya a ciki. A kai ni likita ya gwada hancin, a sa sakamakon a fayil ɗina kusa da waccan takarda. Sannan a auna man da ya rage a ma'ajiya kafin a sake lodi, domin hanci ɗaya ne ya tantance robarsa da ta wanda aka dawo da shi.

Daga ƙarshe, ina roƙon a mayar da ni bakin aikina. In kuwa kora ce, a sanar da ni a rubuce kafin ƙarshen wata. Har yau ban faɗa wa uwar yarana ba. Kullum da safe tana goge min rigar aiki, in saka, in fita, in zauna a benci daura da ƙofar kamfani har a tashi. Maigadi yana ganina, ana iya ba shi amsar ya miƙo min.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Malam Hanci,
Mai tantance roba, Rumfa ta Biyu.