Makarantar da Baffa Ya Zaɓa wa Hindatu

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar Anti Balki? Mu nan Jega kowa lafiya, ban da zuciyata.

'Yata Hindatu ta dawo daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Wata takwas ta yi, ko sau ɗaya ba ta bar ƙasa ba. Jirginsu guda ne, an cire masa inji, kaji ke shan inuwarsa.

Tun farko ni na karanta takardun makarantu uku, na ware wadda hukuma ta ba lasisi. Baffanta na Jandutsi ya ce zaɓi na manya ne. Wakilin waccan makaranta ya zo har zaure, ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya ajiye goro. Baffa ya ce, "Mai ladabi irin wannan ba zai cuce mu ba." Da na tambayi lasisi, aka ce in koma cikin gida.

Yanzu ya ce ta koma ta yi haƙuri. Don Allah ka kira shi ka hana. Maganata za ka maimaita, amma daga bakin mai gemu za a ji ta.

A gaida yara, a sa Hindatu a addu'a.

Ƙanwarka,
Saratu