Garin Maganin Kawu Bawa

Daga Kiru, zuwa ga Yaya Sani a Bukuru.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aikin kuza? Mu nan kalau, an gama noman farko.

Yaya, na kama Kawu Bawa. Ka tuna garin maganin murarsa, wanda saboda shi ya hana a kai Inna asibiti har tari ya kashe ta? To, mura ta kwantar da mutum shida a gidanmu. Uku na ba su garin Kawu. Sauran ukun na soya dusa har ta yi kama da shi na ba su, ban gaya wa kowa ba. Kullum da safe in duba su, in ja layi da gawayi a bangon zaure. Rana ta bakwai duk suka warke tare.

Na bari sai ranar sunan jikansa, dattawa sun hallara, sannan na faɗa. Na miƙa masa ƙulli biyu na ce, "Kawu, nuna mana naka." Sai ya ɗauki dusar. Har liman ya dara. Kawu ya yi hawaye, ko a jikina.

Yanzu shi ne kwance da tari, ya aiko wai in kai shi asibitin Kano. Na aika masa da garinsa.

Ka gaida mutanen gida, ka sa Inna a addu'a. Kawu kuwa, maganinsa ya ishe shi.

Ƙaninka, Ilu.