Tafiyar Baba a Jikin Katako

Yaya Ishaku,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina Phoebe da yara, ya zafin garin Lafiya? Wasiƙa na rubuto don na san halinka da waya.

Wata mai zuwa za a yi nunin zane-zanenmu a nan Sabon Tasha. Nawa aikin yana nuna Baba ne yana dawowa daga masaƙa. Na zana titin da fenti, shi kuma na sassaƙa shi a katako ashirin da huɗu, kowanne ƙafa ta ɗan matsa gaba. Ina shafa tawada in danna a takarda, in ɗauki hoton kowace. Idan aka haska su a jere, sai ka ga yana tafiya.

Matsalata, ba mu da bidiyonsa ko ɗaya, kuma na fara manta yadda yake taku. Wannan na ba ni tsoro. Ka zo ka duba mini. Shekara shida ke nan tun jana'iza ba ka leƙo ba.

Ƙanwarka,
Jemimah

Jemimah,

Muna lafiya, mun gode Allah. Aiki ba zai bar ni ba. Kuma gaskiya ba na son ganin unguwar nan babu shi. Allah ya ba da sa'a.

Ishaku

Yaya,

Ina gaisuwa. An buɗe nunin jiya. Mama Celina, wadda suka yi aiki da Baba, ta tsaya gaban bango ta kalla har sau biyar, sannan ta ce, "Ke, wannan ai ba Benjamin ba ne. Babanku mai nauyin jiki ne. Wannan karkata kafaɗar ta Ishaku ce, wallahi."

Na shiga bayan gida na yi kuka. Wata huɗu ina yanka yatsuna, ashe kai nake sassaƙawa. Baba ya ɓace mini, kai ma ga ka can. Ina kewarku duka, ban ma san wa na fi ba. Gobe zan sauke aikin.

Jemimah

Ƙanwata,

Kar ki sauke komai. Mama Celina ta san Baba ne bayan ya yi ƙiba. Tun ina firamare nake bin bayansa ina kwaikwayon kafaɗar nan har ta zame mini jiki. Tafiyarsa ce.

Zan shigo motar safe ranar Asabar. Kar ki tare ni a tasha. Ki tsaya ƙofar gida, ki kalle ni tun daga nesa.

Yayanki,
Ishaku