Allurar Kasuwa Ta Kashe Mini San Noma

Zuwa ga Masu Girma shugabannin da aka ɗora wa alhakin tsara dokokin lafiyar dabbobi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a. Allah Ya taimake ku a kan nauyin da ke wuyanku.

Ranku ya daɗe, sunana Malam Habu. Tsohon malamin firamare ne ni, ina zaune a wani ƙauye da ke ƙasar Taura. Tun da na ajiye alli na koma gona, abin da na tara a shekarun aikina na zuba shi a shanun noma guda biyu, fari da ja. Da su nake huɗa gonata, in huɗa wa maƙwabta. Ban saba rubuta wa hukuma ba, kuma ba a cikin fushi nake wannan rubutu ba. Na bari sai da zuciyata ta huce.

Na farko, ga abin da ya faru. Gab da faɗuwar daminar bara jan san ya fara ramewa. Yana cin harawa, amma ba da daɗi ba, gashinsa ya tashi. Ranar kasuwarmu na je wurin wani mutum da kowa ke kira Likita. Yakan zo a kan babur da wata baƙar jaka, ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya ya jera kwalabe. Shekara da shekaru muna ganinsa, ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya yi karatu. Ni ma ban tambaya ba, wannan laifina ne, ban ɓoye shi ba. Ya biyo ni gida, ya dubi san daga nesa, ko bakinsa bai buɗe ba. Ya ce, "Malam, tsutsar ciki ce, allura biyu ta wadatar." Ya haɗa magunguna daga kwalabe uku a sirinji ɗaya ya soka masa a wuya, ya sake haɗawa ya soka a cinya.

Kwana biyu wuyan ya kumbura. A na uku san ya daina tuƙa, ya kwanta ya ƙi tashi. Na kira lambar mutumin, ya ce maganin ne yake aiki, in ba shi kanwa. Da na sake kira, wayar a kashe.

Na biyu, tafiyata Dutse. Na tsinci ɗaya daga cikin kwalaben nan, wadda ya jefar a bayan turke, na sa a aljihu, na shiga mota. Aka kwatanta mini wani asibitin dabbobi mai zaman kansa, na hau adaidaita sahu har ƙofarsa. Ina zaune ina jiran layi, sai ga wani Alhaji ya shigo da kyanwa a cikin kwando, fara mai tulin gashi, irin wadda ban taɓa gani ba. Muka gaisa. Mutumin kirki ne, shi ya yi mini bayani cewa 'yarsa ce ta taho da ita daga ƙasar waje. Ya nuna mini ɗan littafinta, da hotonta, da jerin alluran rigakafin da aka yi mata, kowace da hatimi da sa hannun likitan da ya yi. Ya ce ba don takardun nan sun cika ba, da ba a bar ta ta shigo ƙasar nan ba.

Ranku ya daɗe, ban ji haushin kyanwar nan ba, ban ji haushin mai ita ba. Dokar ta yi kyau, tana tsare mu daga cutar da za a kwaso mana daga wani wuri, kuma dabba ko wace iri ce tana da haƙƙi a wuyan mai ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hukumar da ta iya tambayar wane ne ya yi wa kyanwa allura a wata ƙasa, ba ta taɓa zuwa kasuwarmu ta tambayi wane ne yake yi wa shanunmu ba.

Da layi ya zo kaina, na gaya wa likitar abin da aka yi wa san, na miƙa mata kwalbar. Mace ce, mai natsuwa. Ta juya ta, ta nuna mini inda aka kankare ranar da wa'adin maganin zai ƙare. Ta ce ko da maganin lafiyayye ne, ba a gauraya shi da wani. Ta bar aikinta ta biyo ni har ƙauye, Allah Ya saka mata da alheri. Mun iso bayan la'asar, san yana numfashi da ƙyar. Ta duba shi sosai, ta miƙe ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, an makara. Kada a bar shi yana wahala." Aka yanka shi a nan turkensa.

Na uku, maganar naman, wadda ita ta fi damuna. Likitar ta gargaɗe ni cewa kada a ci, domin maganin yana jikinsa kuma ba mu san abin da aka cakuɗa ba. Ba ta daɗe da tafiya ba wasu mahauta biyu daga wani gari suka iso, labari ya riga ya kai musu. Suka ce in sayar musu in rage asara, ai yankakke ne, halal ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in karɓi tayin. Damina ta kawo jiki, ga garma, ga sa ɗaya. Matata, Asabe, tana tsaye a bakin zaure. Ta ce, "Malam, in tsire aka yi da shi, ɗaliban da ka koyar ne za su ci, su da 'ya'yansu." Na sallami mahautan. Maƙwabta suka taya ni haƙa rami a bayan gari muka binne shi.

Abin da nake so ku duba shi ne, da na karɓi tayin nan, babu wanda zai tare naman tsakanin gidana da tukubar mai tsire. Ba kowa ne zai iya binne sa ba, kuma ba na zargin talakan da ya kasa.

Daminar ta zo na yi huɗa a makare, bayan wani aminina ya gama tasa ya ara mini sansa. Rabin gonar na shuka gero, sauran na bar ta. Mun ci abin da Allah Ya ba mu, alhamdulillahi. Na kai ƙara wurin dagaci, ya kira mai allurar, shi kuwa ya ce bai san zancen ba, ajali ne. Dagaci ya tambaye ni ko akwai takardar da ta nuna shi ya yi allurar. Babu. Magana ta mutu a nan.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa kamar haka. A riƙa yi wa duk mai sayar da maganin dabbobi ko mai yin allura rajista, a ba shi katin shaidar da manomi zai iya cewa a nuna masa. Masu son sana'ar da ba su da ilimin, a koyar da su, a iyakance musu abin da za su taɓa, domin ba korar kowa nake nema ba. A turo jami'ai su riƙa zagaya kasuwannin ƙauye suna duba kwalaben nan. A sa wa kowace kasuwa ranar da likita na gaske zai zauna, ko da sau ɗaya ne a wata. A kuma sa ido a kan naman dabbar da aka yanka a kan ciwo. Sannan a sanar da mu ta rediyo, da Hausa, inda mutum zai kai kuka.

Kasuwar da ta wuce na tarar da mutumin a inda ya saba zama. Wata dattijuwa daga ƙauyen gabas da mu tana riƙe da akuyarta, yana zuƙo magani. Na ja ta gefe na gaya mata abin da ya same ni. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To Malam, wurin wa zan kai ta?" Ina tsaye aka yi allurar. Amsar tambayarta tana hannunku.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke amanar mutane da ta dabbobin da ba su da bakin kai ƙara. Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Malam Habu, daga ƙasar Taura.