Akwatin da Inna Ta Lulluɓe

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa. Mu nan da sauƙi, sai tarin Inna da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na samu saƙonki cewa kina son ki zo gida ki haihu a gaban Inna. Don Allah kada ki zo. Injin ƙona sharar nan na bayan layinmu yanzu ba ya hutawa. In na shanya fararen kaya, kafin su bushe sun koma ruwan toka, yaran maƙwabta kuwa ƙirjinsu sai ƙugi yake yi. Mun yi ta kai kuka har ma'aikatan muhalli suka kafa wani ɗan akwati a tsakar gidanmu, mai shaƙar iska yana auna gubar cikinta. Suka ce da abin da ya nuna za a yi hukunci.

To, kin san Inna da kayan mutane. Ashe kullum in na fita aiki, da hayaƙi ya turnuƙe sai ta goge akwatin tas, ta lulluɓe shi da leda da tsohon zanenta, ba ta yayewa sai hayaƙin ya lafa. Sai bayan an ɗauke shi take ba ni labari, har da alfahari, wai amana aka ba ta, kuma ko ɗigon baƙi ba su tarar a jikinsa ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Sakamako ya fito, wai iskarmu lafiya lau. Na je ofishinsu na yi bayani, jami'in ya ce ya tausaya, amma an rufe maganar, akwatin ma ya tafi wani gari. Yanzu haka ana haƙa harsashin inji na biyu. Wallahi na karaya, ban ga mai sauraronmu kuma ba.

Ban gaya wa Inna abin da lulluɓin nata ya jawo ba, kuma ba zan gaya mata ba. Zan ce likita ne ya hana ki doguwar tafiya. In kun yi waya, bakinmu ya zo ɗaya.

Ki gaishe da maigidanki da surukarki. Kawu da auta suna gaishe ki. Inna ta gyara miki ɗaki, kullum tana share tokar da ke shiga ta taga, ta ce in tambaye ki ranar zuwanki.

Taki har kullum,
Yayarki