Kamyon Raliatou

Les Minguettes, Vénissieux
20 ga Oktoba, 2009

Zuwa ga maiɗakina Hajiya Fatsima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya. Ya sanyin Montreuil, ya ƙafar taki da hawan bene? Ya babbar 'yarmu mai jego, ya ƙarfin jikinta? Ki gaishe mini da sabon angon naki, wanda daga zuwansa duniya ya raba ni da matata har kwana arba'in. Ki faɗa masa ina jiran ya yi haƙora mu yi shari'a. Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi, shinkafa ce kawai ta ƙi dahuwa a hannuna.

Za ki ce me ya kai ni ga takarda alhali ga waya. Kin san halina. A waya ko gaisuwa ba na ƙarasawa, balle zance mai tsawo, ga gidan cike da 'yan barka.

Labarin shi ne kamyon Raliatou ya iso garaji jiya. Kin tuna ranar suna ta gaya mana, cikin hayaniya, cewa farfesarsu ta jami'a a Villeurbanne ta zaɓe ta cikin mutum huɗu da za su tafi arewacin Suwidin auna dusar ƙanƙara har wata biyar. Ni na ɗauka zancen 'yan makaranta ne. Ashe da gaske ne. Sun sayi tsohon kamyon soja, babbar mota ƙirar Berliet mai ƙafa shida, shi ne motarsu kuma shi ne ɗakinsu a wuraren da babu hanya. Farfesar ta so kai shi wani babban garaji, sai autarki ta tsaya kai da fata cewa duk Lyon babu wanda ya kai ubanta sanin wannan mota. Daga bakin farfesar na ji. Na ɗaure fuska kamar ba komai, amma ranar ko abincin rana ban nema ba.

Ba ta yi ƙarya ba. Shekara ashirin na yi ina bin irinsa tsakanin Zinder da Agadez da Dirkou, ga shekara goma sha tara ina gyara wa Alhaji Mounkaila su a nan yana turawa gida. Sai dai duk wanda ya bi ta hannuna, zafi na shirya masa. In ƙara masa radiyata, in ɗaura farantan fita yashi, in yi wurin rataya salka, sannan in cire kalorsta. Kin san ta ai, ƙaramin ƙarfen nan mai kama da murfin buta da nake tarawa a gwangwanin madara, wanda kika gaji da cewa in zubar. Aikinta ta tare ruwan injin, kada ya zagaya sai ya yi zafi. A ƙasarmu wa yake neman ƙarin zafi? Abin da aka fara koya mini ke nan a sana'a: mota ta zo daga Turai, ka cire ta kafin ka sha ruwa.

Yanzu an ce in juya duk abin da na sani, in tsare zafi kada ya gudu. Ina jin tsoro kaɗan, ban ɓoye miki ba. Yarinyar nan ta ɗora mutuncinta a kaina gaban malamanta, kuma ita ce za ta kwana cikin abin da na haɗa.

Na san tambayar da ke bakinki. A'a, ban sayi manto ba, babbar rigar sanyin nan. Suwaita biyu ƙarƙashin rigar aiki sun ishe ni, kamar bara da bara waccan. Me zan yi da manto, mu da ke shirin komawa gida?

Ki huta lafiya. Allah ya raya jariri, ya ƙara wa uwarsa lafiya.

Naki har kullum,
Maazou

Les Minguettes
8 ga Nuwamba, 2009

Hajiya Fatsima,

Sallama irin ta addini, da gaisuwa mai tarin yawa. Ya gajiyar hidima, ya mai jego da angonki? Na ji a waya muryarki ta ɗan dushe. Ki rage shiga ruwa da safe, ki sha citta. Surukinmu ma ki isar masa da gaisuwata.

An gama kamyo. Gobe za su hau da shi duwatsu, wani ƙauye sama da Modane, su gwada shi mako guda cikin ƙanƙara kafin babbar tafiya.

Bari in ba ki labarin aikin, ko da kin ce kunnenki ya gaji da zancen ƙarfe. Kan motar na tamfol ne irin na soja, na cire shi na yi na ƙarfe, na cusa ulu a tsakani. Bayan motar na mai da shi ɗaki mai gado huɗu, bango ninki biyu, ko ƙusa ɗaya ban bari ta ratsa daga waje zuwa ciki ba, don an ce sanyi ta jikin ƙarfe yake bi ya shigo. Batir biyu sababbi. Gazwal kuwa, man da injin ke sha, ashe a can daskarewa yake kamar man shanu, sai da na sa masa abin ɗumama a hanyarsa. Na auna sarƙoƙi a tayoyi shida, na ɗaura igiyar ƙarfe mai naɗewa a gaba don ranar da suka kafe. Ruwan injin ba na famfo ba ne, wani kore ne da ba ya zama ƙanƙara. Sau nawa na zubar da irinsa a kwata daga motocin Alhaji, yau ga ni ina zuba shi da mazurari kamar zuma.

Akwai laifin da zan amsa tun kafin ki dawo ki gano. Na ciro kalorstar motar na wanke ta da ruwan tsami har ta yi ƙyalli, sannan na tafasa ta a ƙaramar tukunyarki ta miya, in ga ko tana buɗewa. Tana buɗewa lafiya lau. Tukunyar kuwa za mu yi magana.

Jiya na zaga da shi har Saint-Priest na dawo. Injin yana kuka daidai, allurar zafi kwance a ƙasa ko motsi ba ta yi. Raina ya yi fari.

Raliatou tana zuwa kowace Asabar ta sa rigar aiki. Hannunta ya fi na wasu maza da na sani. Wannan karon ta shimfiɗa taswira a kan injin ta nuna mini hanyarsu, yatsanta yana ta hawa sama, Jamus, Danmak, yana ta hawa har takardar ta kusa ƙarewa. Fatsima, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk shekarun nan ina riƙe da wani buri, cewa kamyo na ƙarshe da zan gyara ba zan ba kowa ba. Ni zan tuƙa shi, ke a gefena, yaran a baya, mu tsallaka ruwa daga Marseille mu gangara har ƙofar gidanmu a unguwar Birni ta Zinder. A raina Raliatou ce ke karɓata tuƙi in na gaji. Da na ga yatsanta ya nufi sama, sai na ga ba hanyar gida ya bi ba. Na yi mata addu'a da bakina, amma zuciyata ba ta so tafiyar nan ba.

Ki taya ni addu'a, Allah ya kai su lafiya.

Mijinki,
Maazou

Les Minguettes
12 ga Nuwamba, 2009

Fatsima,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya, ke da mai jego da yaro. Ki yafe mini gajarta gaisuwar yau. Kada ki karanta wannan a gaban kowa.

Da safen nan na fara wata motar Alhaji mai tafiya gida. Na cire kalorstarta kamar kullum, na buɗe gwangwani zan jefa. Duk na ciki masu tsatsa ne, kin sani. A samansu sai ga guda ɗaya tana ƙyalli.

Ta kamyon Raliatou ce. Na tuna na tafasa ta, na tuna na kawo ta garaji a aljihu, na tuna na ɗaure murfin wurinta da ƙusoshi huɗu. Abin da ke tsakani ne ban tuna ba. Hannuna ya yi abin da ya saba shekara talatin da tara, bai shawarce ni ba. Allurar nan da na gani kwance a ƙasa na yi murna, ita ce ke gaya mini, ni kuwa duk rayuwata allura a ƙasa alheri ce.

Ga abin da hakan ke nufi. Babu ita, injin ba zai yi zafi a cikin ƙanƙara ba. In bai yi zafi ba, sofaj ɗin gaba, abin ɗumama wurin direba, iska mai sanyi zai hura, gilashi ya daskare ta ciki, direba ya daina ganin hanya. Hanyar kuwa ta gefen dutse ce, kuma 'yata ce ke tuƙi.

Shaiɗan ya kawo mini dabara mai kyau, ba zan ɓoye miki ba. In kira wani makaniki a Modane ya sa sabuwa, in ce haka motar ta zo daga wurin soja. Wa zai sani? Raliatou ba za ta ji kunya gaban farfesarta ba, ni ma sunana ya tsira. Har na ɗauki wayar. Sai na tambayi kaina, in na yi ƙarya a kan wannan, da wane ido za ta yarda da sauran abin da na ɗaure a motar, can inda babu kowa?

Ita na kira. Suna lafiya, alhamdu lillahi. Na ce kada a motsa motar sai na zo gobe, akwai abin da zan kawo. Ba ta tambaye ni ko mene ne ba.

Wani tunani ne ya fi damuna. Anya hannuna ne kaɗai ya yi kuskuren? Ina ganin tun farko wannan motar hanyar Zinder nake shirya mata a zuciyata, komai ulun da na cusa.

Gobe jirgin ƙasa na farko zan shiga. Kalorstar tana aljihuna.

Naki,
Maazou

Les Minguettes
16 ga Nuwamba, 2009

Zuwa ga Hajiyata Fatsima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa cikakkiya yau, in biya wadda na gutsure. Ya jikinki, ya muryar, ya ƙafa? Ya mai jego, ya shirin arba'in? Angonki fa, an ce ya fara murmushi, ki ce masa kwanansa uku suka rage. Na dawo lafiya, kuma na gode da abin da kika faɗa mini a waya, ko da rabinsa faɗa ne.

Na isa ƙauyen da hantsi. Fatsima, shekara goma sha tara a ƙasar nan, ashe ban san sanyi ba, labarinsa nake ji. Kamyon yana tsaye gaban gidan da suka sauka, fari fat har gwiwar taya. Na leƙa gaba na ga inda suka riƙa kankare gilashi ta ciki da katin waya. Kwana uku suna haka, abokan tafiyarta suna cewa halin tsohuwar mota ne.

Ban bari an kai ni ciki shan kofi ba. A nan waje, gaban farfesar da sauran biyun, na ciro ƙarfen na nuna, na ce ni na cire shi, na faɗi dalilin da ya sa muke cirewa a ƙasarmu. Faransancina bai taɓa yi mini nauyi kamar ranar ba. Ban iya kallon Raliatou ba.

Farfesar ba ta ɗaga murya ba. Ta gode da na zo da kaina, sannan ta ce tilas wani garaji na can ya sake duba motar daga farko har ƙarshe. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiyarta ce. Da ni ne, abin da zan yi ke nan. Washegari suka duba, sun sami bututu ɗaya da ke son ƙarin ɗauri, sauran suka ce aiki ya yi.

Ga abin da nake so ki sani. Da na buɗe injin zan mayar da ƙarfen, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, ƙusa ta faɗi cikin ƙanƙara sau biyu. Raliatou ta hau kusa da ni ta karɓi aikin, ni ina nuna mata. Muna nan mu biyu sai ta zaro wani ɗan kwali daga aljihunta ta nuna mini a ɓoye. Sabuwar kalorsta ce. Tun rana ta biyu ta gane, don ta san gwangwanin nan tun tana wasa da abin da ke ciki a tsakar ɗaki. Ta sauka gari ta sayo, tana jiran lokacin da babu kowa ta sa, kada a ji sunan ubanta. Ni ina Lyon ina tunanin yadda zan rufa mata asiri, ita tana kan dutse tana rufa mini nawa. Hawaye ya zo mini, na ce iska ce.

Tawa muka sa, tata tana cikin akwatin kayan aiki saboda hanya. Muka tayar da injin muka zauna a gaba. A hankali allurar ta tashi ta tsaya a tsakiya, ƙanƙarar gilashi ta fara narkewa daga ƙasa. Ban taɓa murnar ganin allura ta hau ba sai ranar. A nan na sake yi mata addu'ar tafiya, wannan karon har zuciyata. Ranar ashirin da uku za su kama hanya, za ki same ta kafin nan.

Saura magana ɗaya, kuma kada ki yi mini dariya da yawa. Da na sauko Modane ina jiran jirgi, na shiga wani shago na sayi manto. Baƙi ne, mai nauyi, har gwiwa. Mai shagon ta ce in na kula da shi zai yi mini shekara goma. Na tsaya ina juya maganar, shekara goma, sannan na ce ta cire takardar jikinsa, a jikina zan tafi da shi. 'Ya'yanmu a nan suke, Fatsima, jikanmu ma a nan aka yanke masa cibiya.

Ranar Alhamis zan zo tarbarki a tashar Part-Dieu. Ki nemi wani tsoho mai baƙin manto, kada ki wuce shi. Tukunyarki na wanke ta sau uku.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki mai jiranki,
Maazou