Tururuwar da Ta Mutu a Nonona

Gwaggo Tsahara,

Don Allah ki cece ni. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da shi.

Ni 'yar Jiratawa ce, ina aure a wani gidan fatake a nan Maraɗi. Yau kwanan ɗana ashirin da shida a duniya. Ɗan fari ne, kin san ba ni da bakin faɗin sunansa. Kwana uku da haihuwa uwar mijina, Hajiya, ta aika garin Tsibiri aka zo da wata tsohuwa ta gwada nonona. Ta tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa ciki, mata suka kewaye suna kallo. Tururuwar ta yi ta fafutuka, can ta sandare. Tsohuwar ta ce nonon da dafi.

Tun ranar aka ɗauke yaron zuwa ɗakin Hajiya. Ta fito da madarar gwangwani da kwalbar nan da ake ce wa bibaro. Ta ce an samu mulkin kai, matan manyan ma'aikata a Yamai da ita suke shayarwa, jikanta ba zai sha dafin ƙauye ba. Ran suna sai da ta zaga da kwalbar tana nuna wa baƙi, ta kuma ba su labarin tururuwa. Ina jin dariyarsu daga ɗaki.

Innata ta tako da ƙafa daga Jiratawa da gero da kanwa don kunun jegona. Hajiya ta tare ta a tsakar gida, ta ce ai abin gado ne, wadda ta binne 'ya'ya huɗu me za ta haifa in ba mai mugun nono ba. Inna ta ajiye kayan ta juya, ko ruwa ba ta sha ba.

Ƙirjina ya kumbura, rigata kullum a jiƙe. Hajiya ta sa na riƙa tatsewa a rami ina rufewa da ƙasa, wai kada kajinta su sha. Ina tatsa ina jin kukan ɗana.

Ga laifina, Gwaggo. Sau uku na sace shi na ba shi nono lokacin da Hajiya ta fita barka. Ya kama kamar zai haɗiye ni. Da ta gane, ta sa aka shafa mini maɗaci a kan nono kowace safiya, ita da kanta take dubawa.

Yanzu kwanansa biyar yana zawo. Maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ba ya fita sosai. Ina ganin ana dama madarar da ruwan randa, ragowar safe a ba shi da azahar, ƙuda na bin bakin kwalbar. Amma Hajiya ta ce shan nan uku ne ke cinsa, in ya mutu ni na kashe shi. Maigida ya ce abin da Hajiya ta faɗa shi ke nan. An ce da na yi arba'in a mai da ni Jiratawa, yaron ya zauna.

Ko kuka ba ni da damar yi, sai a ce ba ni da kunya. Na fara yarda ni ce. Gwaggo, da gaske dafi ne a jikina?

Mai jego, Maraɗi

*

'Yata,

Babu dafi a jikinki. Tururuwa ba kifi ba ce. Ko a ruwan zuma aka jefa ta, in ta daɗe nutsewa za ta yi.

Hajiya ba ƙin jikanta take yi ba. Tsoro take ji, kuma gwajin nan ta gan shi tun tana yarinya. Ita ma madarar gwangwani tana da ranarta, ta raya marayu da 'ya'yan matan da ciwo ya kwantar. Sai dai tana son tafasasshen ruwa, da kwalbar da ake dafawa kowane shayi, kuma ragowa zubarwa ake yi. Abin da kika gani da idonki ya isa ya kawo zawon nan, ba shanki uku ba. Maganar da ta yaɓa wa mahaifiyarki kuwa zalunci ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta.

Yau ɗin nan ki wanke maɗacin, ki ɗauki ɗanki ki ba shi, ko a gaban wa. Yawan tsotso shi ke dawo da nono. Sannan ki goya shi ku tafi asibiti. Faɗawar maɗiga alama ce ruwan jikinsa na ƙarewa, jariri kuma ba ya jiran a gama shawara. Ki faɗa wa maigida a fili cewa ɗansa na iya mutuwa. Ya raka ki, likita ya faɗa masa da bakinsa.

In an dawo, ki sami Hajiya ita kaɗai, kada ki kunyata ta a gaban mutane. Ki ajiye ludayi biyu, ɗaya nononki, ɗaya madararta, ki roƙe ta ta jefa tururuwa a kowanne da hannunta. Ki yi shiru ku duba tare. In ta ga gaskiya, ki bar mata hanyar sauka. In ta ƙi gani, Jiratawa ba kabari ba ce, amma kada ki tafi bayanki babu goyo.

Saura kunyar ɗan fari. Al'ada ce mai kyau, ni ma na yi ta. Amma ɗan da ke raye ake yi wa ita. Na san matan da suka riƙe kunyar nan har aka fita da gawa, sannan suka ƙwala kiran sunan da babu mai amsawa. Ke ki kira nasa yau, yana ji.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya miki shi har ya girma ya ji kunyarki.

Gwaggo Tsahara